Romon Ƙafa da Abin da Ke Ɓata Shi

Laccar da aka yi wa ɗaliban ajin manya, maza da mata, a Sule Tankarkar

Yau ba alli za mu fara ɗauka ba, tukunya za mu ɗora. Maganarmu a kan ƙafar sa ce, da kai, da ganda, da romon da ke fita daga cikinsu.

Kada maza su ce wannan zancen mata ne. Malam, ran da aka haihu a gidanka, kai ne za ka tafi wurin mahauta, ko ka jira ran Alhamis ka nufi kasuwar Maigatari, ka sayo ƙafafun ƙauri. Kuɗinka ne ke cikin tukunyar. Matarka ce za ta sha romon, ga ta da ɗanyen jiki, ga jinjiri a hannu. 'Yan'uwanka da maƙwabtanka ne za a aika wa. In ƙauri ya yi kyau, an fita kunya. In ya ɓaci, an yi hasarar kuɗi da itace da wuni guda. In kuwa ya ɓaci ba a sani ba har aka ci, to, abin ya wuce hasara, ya zama ciwo. Haka kuma da Babbar Salla, sa'ad da gidaje ke cike da kai da ƙafa.

ME KE SA ROMO DASKAREWA?

Kowace mace a nan ta san wannan. Da hunturu, in romon ƙafa ya kwana, da safe sai a tarar ya kama jikinsa. In an taɓa kwanon sai ya yi ta rawa, har a iya yankansa da cokali. In aka mai da shi wuta, sai ya koma ruwa. Waɗansu suna tsammani kitse ne. Ba kitse ba ne. Kitse shi ne farin nan da ke tasowa bisa. Abin da ke ƙarƙashinsa wani abu ne dabam.

A cikin fata da jijiya da guringuntsi da ƙashi akwai waɗansu zaruruwa masu ƙarfi, waɗanda ke ɗaure jikin dabba wuri ɗaya. Su ne ke sa ɗanyar ganda ta gagari haƙori. In aka dafa su cikin ruwa aka daɗe, sai su warware, su narke cikin ruwan. Narkakken nan shi Turawa ke kira jelatin. Mu a nan za mu kira shi danƙon romo, domin shi ne ke sa leɓe da yatsu su yi danƙo bayan an ci ƙafa. Ba ɗaya ya ke da yauƙin kuɓewa ba, ba kuma ɗaya ya ke da ƙaro na jikin dakwara ba. Waɗannan na tsiro ne, shi kuwa na dabba ne.

Halinsa uku ne. Waɗanda suka iya rubutu su rubuta:

1. Ba ya fita sai da wuta mai sauƙi da dogon lokaci.
2. Sanyi ke daskarar da shi, ɗumi ke narkar da shi. Ya kan narke a wajen digiri 35 na ma'aunin zafi. Jikin mutum kuwa digiri 37 ne. Shi ya sa ya ke narkewa a baki.
3. Abinci ne ga mutum, abinci ne kuma ga ƙwayoyin cuta.

Wanda ya riƙe ukun nan, yawancin abin da ke ɓata tukunyarsa zai gane dalilinsa da kansa.

TUN DAGA KASUWA

Ba a gyara muguwar ƙafa a tukunya. A sayi ta dabbar da aka yanka a mayanka da lafiyarta, ranar nan. A shinshina. A latsa da yatsa. In tana wari ko santsi, a bar ta, kome araharta.

Ganda tana bukatar lura ƙwarai. Akwai fatun da aka zuba wa magani domin jima, na takalmi da jaka, sa'an nan marasa tsoron Allah su karkatar da su kasuwar abinci. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, watau NAFDAC, ta yi gargaɗi a kan wannan. A sayi ganda wurin wanda aka san inda ya ke samo ta.

Akwai kuma ciwon saifa. Dabba ta kan faɗi farat ɗaya, cikinta ya kumbura, baƙin jini wanda ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da baki. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ciwon a wata gona kusa da Suleja, cikin Jihar Neja. Yana kama mutum ta hanyar nama da fata, kuma tafasa irin ta gida ba abin dogara ba ce wajen kashe irinsa. Mu da ke kan hanyar dabbobi, tilas mu san wannan. Dabbar da ta faɗi haka, kada a yi gaggawar sa mata wuƙa don kada a yi hasara. Kada a feɗe ta. A kira malamin dabbobi.

Wajen babbaka kuma, a yi da kara ko itace. Ban da tsohuwar taya, ban da leda. Hayaƙinsu dafi ne, yana kama fata, wanki kuwa ba ya fid da shi duka.

IN ƘAFA TA ƘI NUNA

Mace ta ɗora tun da hantsi, ta yi ta tura itace, ruwa ya ƙone sau biyu, ƙafa tana nan kamar igiya. Dalili shi ne wuta ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan. Ruwa in ya tafasa ya kai iyakar zafinsa ke nan, watau digiri 100. Ƙarin itace ba ya ƙara masa zafi, sai dai ya ƙone shi da sauri.

Magani: a sa mahauci ya sassare ta ƙanana. In tukunya ta tafasa, a janye itace, a rufe, a bar ta tana tafasa a hankali. Ƙafar sa tana bukatar awa 3 zuwa 4, ta tsohon sa ta fi haka. Ta rago ko akuya awa 2 ko fi. In ruwa ya ragu, a ƙara da ruwan zafi, don kada a mai da dahuwa baya. Magabata sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ƙafar sa kuwa ba ta kai dutse ba.

Akwai wata tukunya mai murfin kulle, wadda ba ta barin tururi ya fita. Ruwan cikinta ya kan kai wajen digiri 120, ƙafa ta nuna cikin kamar awa guda. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙago asalinta a Landan a 1679, kuma don tausasa ƙashi ya yi ta. Mai irinta kada ta cika ta, kada kuma ta buɗe sai tururin ya gama fita.

Waɗansu su kan jefa kanwa don sauri. Gaskiya ne tana tausasawa. Amma in ta yi yawa sai romo ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya ɓaci, ganda ta saɓule. Ga mai jego kuwa akwai abin da ya fi wannan. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura yawan kanwa yana cikin abubuwan da ke jawo wa masu jego kumburi da ciwon zuciya. Saboda haka tukunyar ƙauri a bar ta ba kanwa. In kuma aka ga mai jego tana kumburin ƙafa, tana haki, ba ta iya kwanciya sosai, a kai ta asibiti ranar nan.

IN ROMO YA YI TSARARO

Ko dai ruwa ya yi yawa tun farko, ko an yi ta ƙari, ko kuwa an bar tukunya tana ɓararraka wuni zubur har danƙon ya karye. A zuba ruwa iyakar abin da zai rufe ƙafa da kamar yatsa biyu. In ya riga ya yi tsararo, a tsame naman, a buɗe tukunya, a bar romon ya ragu. Ga gwaji mai sauƙi: a ɗiga kaɗan a bar shi ya huce, a murza tsakanin yatsu biyu. In sun manne, ya yi.

Gishiri a bar shi sai ƙarshe. Ruwa yana ƙonewa, gishiri ba ya ƙonewa. Abin da ya yi daidai da hantsi, da azahar ya zama zartsi.

Sa'an nan, iyayenmu mata, ga wata magana. A nan ƙasar Gumel zafin watan Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40. Danƙon romo kuwa mun ce a 35 ya ke narkewa. In romon amarya bai daskare da bazara ba, kada a ce ba ta iya ba. Ko uwargida ce ta dafa, haka zai zauna.

IN YANA ƘARNI KO YA KAMA

Ƙarni daga sauran gashi ya ke, da jini, da dauɗar da ke maƙale tsakanin kofato. A kankare sosai, a cire kofato, a wanke da ruwan zafi. A yi tafasa ta fari ta kamar minti 10, a zubar da ruwan, a sake sabo. Kumfar da ke tasowa a kwashe ta da ludayi. Sa'an nan a sa citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da albasa. Amma a sani, kayan yaji suna gyara ɗanɗano ne, ba su gyara naman da ya fara ruɓa.

Romo mai kauri yana saurin kama gindin tukunya. In ya kama, kada a motsa, kada a kankare. A juye na sama cikin wata tukunya a hankali, a bar na ƙasa. Kada ƙauri ya yi ƙauri.

IN YA KWANA

Nan ne babbar maganarmu, sai a kasa kunne.

A 1881 wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch yana neman abin da zai yi kiwon ƙwayoyin cuta a kai, domin ya san kamanninsu. Da me ya yi? Da romon nama wanda aka daskarar da jelatin. Ƙwayoyin suka yi ta haihuwa a kai. Waɗansu ma suka cinye danƙon, suka mai da shi ruwa. Ku duba fa, abin da likita ya zaɓa don ya ciyar da ƙwayoyin cuta, ɗan'uwansa ne mu ke ajiyewa cikin kwano a ƙarƙashin gado.

Ƙwayoyin nan suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60. Ɗakunanmu kullum a tsakanin nan su ke. In wuri ya yi musu daɗi, ɗaya ta kan zama biyu cikin kamar minti 20. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ba zafi ba sanyi. Da bazara ya kamata a rage ma.

To, yaya mai gida marar firiji zai yi?

A dafa iyakar abin da za a ci, a raba wa mutane da zafinsa. Kada a tsaya sai gobe. Abin da za a jira da shi, a bar shi bisa garwashi yana tururi. In tilas ya kwana, a tafasa shi sosai kafin a kwanta, a rufe da murfi mai tsabta, kada kowa ya sake sa hannu ko ludayi. Da asuba a sake tafasa shi har ya ɓararraka, a ci nan da nan. Wannan yana rage hatsari, amma ba ya kawar da shi duka, domin akwai ƙwayoyin da ke barin dafinsu cikin abinci, tafasa kuwa ba ta kashe dafin. Saboda haka mai jego da yara da tsofaffi a ba su sabo. Mai firiji kuma ta juye romon cikin ƙananan kwanoni don ya yi saurin hucewa, ta sa shi da wuri, kada ya wuce kwana 3. In wuta ta daɗe ba ta zo ba, firiji akwati ne kawai.

Kada daskarewa ta ruɗe mu. Romo yana iya daskarewa da kyau alhali ya ɓaci. In an ji tsami, ko aka ga yana kumfa shi kaɗai, ko ya tsinke ya yi ruwa-ruwa cikin sanyi, a zubar. Zubar da kwano guda ya fi kwana uku a asibiti sauƙi. Wanda kuma ya kamu da amai da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya.

GARIN DA A KE SAYARWA A KANTI

Yanzu 'ya'yanmu mata da yawa suna koyon yin kayan zaƙi na sayarwa. A manyan kantuna na Kano da sauran birane akwai garin jelatin cikin 'yan fakiti. Danƙon nan ne dai, an tace shi an busar. Da shi a ke yin alewa mai taushi, da shi kuma a ke yin ɓawon kafso na magani. Halinsa ɗaya ne da na tukunya. Ga inda a kan yi kuskure.

Gudaji. In aka zuba garin cikin ruwan zafi kai tsaye, sai bayansa ya narke ya rufe cikinsa, kamar garin tuwo da aka zuba ba talge. A barbaɗa shi a kan ruwan sanyi kaɗan, a bar shi minti 5 zuwa 10 ya sha ya kumbura. Sa'an nan a narkar da shi da ɗumi, ana motsawa. Kada a bari ya ɓararraka.

Awo. Giram 7, watau kamar cokalin shayi biyu da rabi, yana daskarar da rabin lita, watau cikin ledar ruwan sha guda. In ya yi kaɗan, abin ba ya tsayawa. In ya yi yawa, sai ya yi tauri kamar roba. Duka biyu suna gyaruwa: a narkar a hankali, a ƙara jiƙaƙƙen gari ko a ƙara ruwa.

Ƙin daskarewa. An yi awo daidai, an sa a firiji, ya kwana yana ruwa. A tambaya, me aka sa ciki? Ɗanyar abarba da gwanda da ɗanyar citta suna da wani sinadari mai tsinka zaruruwan nan. Shi ne ya sa a kan naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda don ya yi laushi. Abin da ke taimakon mai dafa nama, shi ke ɓata wa mai kayan zaƙi. Mu a ƙasar nan Allah ya hore mana zoɓo, har ana fita da shi ƙasashen waje, kuma mun saba sa masa abarba da citta. Mai son daskarar da zoɓo ta tafasa abarbar da cittar tukuna, domin zafi yana kashe sinadarin. Tsamin zoɓo da tsamiya da lemon tsami kuma yana rage ƙarfin danƙon, sai a ƙara garin kaɗan.

Sanyi. Yana bukatar kamar awa 4 a firiji. Kada a sa shi inda a ke yin ƙanƙara don sauri, domin in ya narke sai ya tsage yana zub da ruwa. In za a sa 'ya'yan itace, a jira ya fara kauri kamar farin ƙwai, don kada su taru wuri ɗaya. In ya ƙi fita daga kwano, a tsoma gindin kwanon cikin ruwan ɗumi kaɗan, a kife. Mai talla kuma ta sani, a rana narkewa zai yi, sai da ƙanƙara. Akwai wani gari dabam mai suna agar, wanda a ke yi da ciyawar teku. Shi sai an tafasa shi, amma in ya daskare ba ya narkewa sai wajen digiri 85. Shi ya fi dacewa da zafinmu.

Halal. Kashi mai yawa na garin jelatin da a ke yi a duniya daga fatar alade ya ke. Akwai na shanu, akwai na kifi. Ga inda karatunku zai yi amfani. A juya fakiti, a karanta abin da aka yi shi da shi, a nemi shaidar halal. Wanda bai faɗi asalinsa ba, a bar shi, a kuma tambayi malamai. Wadda ta ke son kwanciyar rai tana iya yin nata: ta dafa ƙafar sa ba gishiri ba yaji, ta tace da farin ƙyalle mai tsabta, ta sanyaya, ta kwashe kitsen sama. Abin da ya saura shi ne a ke sayarwa a kanti.

ROMO KAƊAI BAI ISA BA

Romon ƙafa yana da daɗi, yana buɗe wa mai jego baki, yana kuma mayar mata da ruwan jiki. Amma danƙon nan bai cika sinadaran gina jiki ba, akwai wanda babu a cikinsa sam. Ganda ba ta maye gurbin tsoka. Saboda haka, malam, bayan ƙauri a ci gaba da kawo wake da ƙwai da nono da gyaɗa da zogale, da tsoka in Allah ya hore. Shayarwa ba ta ƙarewa ran suna.

Iyakar abin da muka kawo muku yau ke nan. A yi haƙuri wajen dahuwa, a yi hanzari wajen rabo. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta zo ba. Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba masu jego lafiya, ya sa albarka cikin abin da mu ke ci. Amin.

TAMBAYOYI

1. Faɗi halaye uku na danƙon romo.
2. Me ya sa ƙarin itace ba ya sa ƙafa saurin nuna?
3. Awa nawa ya kamata dafaffen abinci ya zauna ba zafi ba sanyi?
4. Me za a yi wa abarba kafin a haɗa ta da garin jelatin?
5. Rubuta abubuwa huɗu da za a ba mai jego ban da romo.